Kallon tsuntsaye da dabbobin teku a hanyar tsibirin Robben

Malam Bello, Runjin Sambo: Assalamu alaikum. Zan je taro a Cape Town cikin watan Satumba, kuma ina so in shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 a tsare. Shin waɗanne tsuntsaye da dabbobin teku ake gani a hanya?

Hajiya Rabi, Arkilla: Wa alaikumus salam, Malam. Ka zaɓi lokaci mai kyau, domin daga Yuni zuwa Nuwamba ne manyan dabbobin da ake kira whale suke matsowa gaɓar Afirka ta Kudu don haihuwa, kuma da huhu suke numfashi, shi ya sa ake hango feshinsu a saman ruwa tun kafin a ga jikinsu. Akwai dolfin, dabbar teku mai kama da babban kifi, akwai kuma sil, dabbar teku mai gashi da ke fitowa shan rana kusa da tashar jirgi. A tsibirin kansa za ka tarar da fengwin na Afirka, tsuntsun teku da ba ya tashi sama, wanda aka sanya cikin tsuntsaye mafi fuskantar ƙarewa a 2024, abin da ke damuna ƙwarai, saboda kifin da yake ci ya ragu.

Alhaji Umaru, Mabera: Malam, ka ɗauki jirgin safe, ka tsaya a fili da madubin hangen nesa da rigar sanyi. Igiyar tekun Atlantika ta fi ta gulbin Rima nesa ba kusa ba, kuma idan iska ta yi ƙarfi ana soke tafiyar, don haka ka ware kwana biyu.