Hijabi da karatu a Faransa: waɗanda suka zauna can, ku ba mu labari

Uwar Biyu, Maraɗi:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta samu gurbin digiri na biyu a Faransa, watan Satumba za ta tafi in Allah ya yarda. Gida ya rabu biyu. Baba ya ce ya ji an haramta hijabi a ƙasar kakaf, kawunmu ya ce zancen shaci-faɗi ne. Don Allah waɗanda suka zauna can su yi magana, abin da idonku ya gani muke so.

'Yar Damagaram a Liyon:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ki kwantar wa Baba da hankali. Da hijabina na yi karatuna har na gama. Lokacin jarrabawa kaɗai mai tsaro kan ce in nuna kunnuwana don a tabbatar babu na'ura, kuma mace ce take dubawa idan na nema. Dokar da ake ta faɗa ita ce ta 15 ga Maris 2004, zamanin shugaban ƙasa Shirak. Ta hana manyan alamomin addini, hijabi da hular Yahudawa da ƙaton gicciye, a makarantun gwamnati daga firamare zuwa lise, wato babbar sakandare. Jami'a ba ta ciki. Niƙabi kuwa dokarsa daban ce, ta 2010, ta shafi har kan titi, tararta tana kaiwa Yuro 150. Abin da ya sosa min rai hoton katin zama ne, dole kai a buɗe. Akwatin ɗaukar hoto na shiga, na ja labule, na cire, na mayar, na fito.

Anti Nas:
Wane fanni za ta karanta? Nan ne maganar take. Ni aikin jinya na yi. A aji babu wanda ya ɗaga kai ya dube ni. Ranar da na fara horon aiki a wani asibitin gwamnati, shugabar sashe ta ja ni gefe cikin ladabi ta ce a makaranta ni ɗaliba ce, a nan kuwa da sunan hukuma nake taɓa marasa lafiya, ma'aikacin hukuma kuma ba ya nuna addininsa. Na koma sa hular tiyata. Wani sashe suka kau da kai, wani suka ce hular ta ɗakin tiyata ce kawai. Abin mamaki, majinyaciya tana kwance da hijabinta babu mai ce mata uffan, don ita mai karɓar hidima ce. In ƙanwarki za ta yi horo a ma'aikatar gwamnati, ko ta samu kwantiragin koyarwa a jami'a, ta san da wannan tun daga gida.

Malamin Garwa:
Anti ta faɗi doka, bari in faɗi iskar da ake shaƙa. Ina tsakiyar digirin digirgir kan makarantun allo lokacin da aka kashe malamin nan Samuel Paty a Oktoba 2020 saboda zanen barkwanci na Annabi (SAW) da ya nuna a aji. Kisan ya girgiza kowa, har mu. A Fabrairun 2021 sai ministar ilimi mai zurfi, Frédérique Vidal, ta ce wai wata haɗakar masu kishin Musulunci da 'yan ra'ayin gurguzu ta ci jami'o'i, ta nemi cibiyar bincike ta ƙasa, CNRS, ta duba. Cibiyar ta mayar mata cewa kalmar da ta kira haɗakar da ita ba ta da tushe a ilimi. Amma maganar ta riga ta shiga. A sashenmu malamai biyu da suka shekara suna shan kofi tare suka daina gaisawa. Ɗaya yana ganin duk mai nazarin wariyar da ake wa Musulmi yana shigo da aƙidar Amurka ne don ya yayyaga Jamhuriya, ɗayan yana ganin ana so ne a rufe bakin masu bincike. Ni kuma da na gabatar da babi a taron ƙara wa juna sani, tambayar farko da aka jefo min ita ce ko ni mai yin sallah ne, wai don a san ko zan iya nazarin abin ba tare da son rai ba. Wanda ya gabatar kafin ni a kan majami'un Katolika, babu wanda ya tambaye shi ko yana zuwa coci. Muhawarar ma wuya take yi, don ƙidayar jama'a a Faransa ba ta tambayar addini, kowa da lissafin da yake riƙe da shi.

Alhaji na Sitirasbur:
Malam, ban musa maka ba, amma a yi wa mutanen nan adalci. Dokar 1905 da ta raba gwamnati da addini ba don mu aka yi ta ba, da cocin Katolika suka yi kokawa shekara da shekaru a kan wa zai riƙe makarantu. Maƙwabciyata tsohuwar malamar makaranta ce, ba ta son ganin limamin coci a aji kamar yadda ba ta son hijabi, kuma duk azumi sai ta tambaye ni ƙarfe nawa ake shan ruwa don kada ta dame ni. Sai dai garin da nake shi ne ke ba ni dariya. A 1905 Alzas, yankin da Sitirasbur take ciki, tana hannun Jamus, don haka dokar ba ta hau kanta ba. Har gobe gwamnati ke biyan albashin fada da fasto da malamin Yahudawa, limami ne kawai ba ya cikin lissafi. Babban masallacinmu da aka buɗe a 2012 ma ya samu tallafin hukumomin yankin.

Malamin Garwa:
To Alhaji, kai ma ka kawo hujjata. Ranakun hutu 11 ne a ƙasar, 6 na Kirista ne, sai a ce maka wannan al'ada ce, ba addini ba. Tun da shugaban ƙasa na lokacin, Sarkozi, ya kafa ma'aikatar da ta haɗa shige da fice da asalin ɗan ƙasa a 2007, tambayar da ke ƙarƙashin zancen ita ce wa ya isa a kira shi Bafaranshe.

Maman Ɗalibai, Marsai:
Ku maza kun tafi siyasa, ni bari in kawo ta gida. 'Yata a nan aka haife ta, Bafaranshiya ce da takardarta. Kullum a bakin ƙofar lise take cire ɗankwali ta sa a jaka. Da ministan ilimi na lokacin, Gabriel Attal, ya hana abaya a makarantun gwamnati a Agustan 2023, sai aka dawo min da ita gida kan wata doguwar riga da muka saya a kantin Turawa. Na je na tambaya me ya mayar da ita abaya, aka rasa amsa, aka dai ce ta sa ɗamara. Ni kuwa da hijabina nake raka 'yan ajin ƙaninta yawon buɗe ido, don iyaye ba ma'aikata ba ne, ko da yake 'yan majalisa sun sha neman a hana. Uwar Biyu, ki ce wa ƙanwarki ta fara neman ɗaki tun yanzu. Wahalar da na gani a wurin masu gidan haya, da zarar sun ji suna a waya, ta fi wadda na gani a kowace makaranta.