Na samu 5.5 a sauraro, shin IELTS tana da amfani bayan biza?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka riga mu tafiya.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Jos, ina zaune a Anguwan Rogo. Ina neman takardar zaman dindindin a Kanada ta tsarin Express Entry mai tantance masu nema da maki, shi ne na je Abuja na zauna jarrabawar Turanci ta IELTS General Training. Magana na samu 7, karatu 6.5, rubutu 6, amma sauraro 5.5, alhali sai da aƙalla 6 a kowanne. Abin ya tsaya min a rai. Tun firamare da Turanci nake karatu har na gama Jami'ar Jos, kuma da shi nake koyarwa kullum. Sau ɗaya tak ake kunna muryar. Wata mata na jero lambar waya, kafin in gama rubutawa har ta wuce tambaya biyu.

Yanzu wani mai darasi ya ce in biya shi ya koya min dabarun cinkar amsa, wai ba sai na fahimci komai ba. Shin jarrabawar nan shinge ce kawai da zan tsallake in manta, ko abin da ke cikinta zai bi ni can? Kuɗin sake zama ba kaɗan ba ne, ga iyali.

Abu Sumayya, Calgary, Kanada:
Wa alaikumus salam Malam. Don Allah ka riƙe kuɗinka. Kashin farko na sauraro, inda mutum biyu ke magana kan haya ko rajista, shi ne makon farko na a ƙasar nan. Na kira wayar wani gida da zan duba, matar ta faɗi sunan titi harafi bayan harafi, sannan lambar unguwa, wadda a nan haɗin haruffa da lambobi ce guda shida. Ka san mu Hausawa da P da F. Na rubuta ba daidai ba, na yi ta bulayi cikin ƙanƙara da yaro a hannu har lokacin ya wuce, gidan ya kuɓuce. A waya ba fuska, ba nuni da hannu, kunnenka kaɗai ne gatanka. Haka wajen asibiti, banki da makarantar yara.

Wasiƙar nan mai kalma 150 da ake rubutawa a ɓangaren rubutu ma kada ka raina ta. Da na'urar ɗumama ɗaki ta mutu mana a Janairu, irinta na rubuta wa mai gida: ga abin da ya lalace, ga ranar, ga abin da nake so a yi. Mu mun saba da doguwar gaisuwa kafin a zo kan magana, su kuwa layin farko suke dubawa. Kuma sanyin da kuke ji a Jos a Disamba, wallahi somin taɓi ne.

Maman Hanif, Manchester:
Gaskiya ne, amma ɗan uwa kada ka ɗauka ta gama maka komai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, da 7 na zo. Daren farko a ɗakin marasa lafiya wani dattijo ya yi min magana sau uku ban kama ko kalma ɗaya ba, na shiga banɗaki na yi kuka. Turancin jarrabawa a wanke yake, kowa na jiran ɗan uwansa ya gama. A nan arewacin Ingila abincin dare ma tea suke ce masa, kuma idan aka ce maka you alright gaisuwa ce, ni ina ta zaton an ga alamar ciwo a fuskata. Sai da na yi watanni kafin kunnena ya buɗe. Amma da ban sha wahalar shirin ba, da ko neman a maimaita min cikin ladabi ban iya ba.

Malama Baturiya, Kubwa:
Malam, kana dab da shi. Tambaya 40 ce cikin kusan minti 30, kuma wajen 23 daidai ke ba da 6. Matsalarka sabo ne da murya iri ɗaya, su kuma suna cakuɗa ta Birtaniya, Ostireliya da Arewacin Amurka. Kullum bayan Asuba ka kunna rediyon CBC na Kanada na minti 20, ka rubuta duk suna, lamba da kwanan wata da ka ji. Uwargida ta riƙa jero maka haruffa da sauri kana rubutawa, domin kuskuren harafi ɗaya na cinye makin. In ka kai 8 a sauraro da 7 a sauran, makinka na Express Entry zai yi tsalle sosai. Sakamakon shekara 2 yake aiki, ka lissafa lokacinka.

Abu Sumayya:
Na manta. Masu tallar satifiket ba zama a WhatsApp, ka guje su. Ana tantancewa, kuma ƙarya a takardu na jawo haramcin shiga Kanada na shekara 5.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Na fasa biyan mai dabarun. Jiya da daddare maman yara ta jero min lambobi 10, na ci 6, duk kurakuran a kan 15 da 50 ne da makamantansu. Ita ma ta ce za ta riƙa zama muna sauraro tare, tunda ita za ta fi yawan kai yara asibiti. Maman Hanif, akwai abin da za ta fara da shi wanda bai kai rediyo sauri ba?