Turke ko kulle? Neman sunan layin da ba ya bin saurin kiɗa

'Yan'uwa masu haɗa sauti, ku zo mu tsayar da magana a kan kalmomi biyu da kullum muke faɗa da Turanci a sitidiyo: "tempo" da "time-lock".

Ta farko ba wuya. Ni "taku" na zaɓa. Dama muna cewa wane ya sauya taku, kuma in makaɗi ya ƙara wuta, takun masu rawa ne ke fara nunawa. To 120 BPM sai mu ce taku 120, wato bugu 120 a minti ɗaya. "Saurin kiɗa" ma ya yi, sai dai in kiɗan mai sanyi ne, kalmar sauri ba ta zama.

Ta biyun, wato tsayar da sauti a wurinsa na agogo ko da an sauya taku, ita ce ke son a natsu. Kowane layi (wato "track", jeren da ake ɗora murya ko kayan kiɗa a kai) a manhajar haɗa sauti, ko dai da bugu yake lissafin wurinsa, ko da sakan. A taku 120, gaɓa mai bugu huɗu sakan 2 ce, don haka gaɓa ta 33 tana farawa a minti 1 da sakan 4. Da ka sauke taku zuwa 100, kowace gaɓa ta koma sakan 2.4, ta 33 ɗin nan kuma ta ja baya zuwa minti 1 da sakan 16.8. Fiyano da gangunan MIDI, wato waɗanda manhaja ke kaɗawa daga notocin da aka sa mata, su bi ta can, haka ake so. To ƙarar rufe ƙofa a fim fa? Jarumi ya buga ƙofarsa a 1:04, hoto ba ruwansa da an taɓa kiɗa. In layin nan ya bi bugu, sai ƙofa ta rufu shiru, a ji ƙararta bayan kusan sakan 13. Mai yi wa finafinan Kannywood sauti ya san wannan ciwon kai.

Shi ya sa a manhajojin haɗa sauti, Cubase ya sa maɓalli a kan layi, ko alamar agogo ko ta nota. Pro Tools yana raba su "samples" (masu bin agogo) da "ticks" (masu bin bugu). A Logic kuwa, guntun sautin ake tsayarwa a matsayinsa na SMPTE, wato lissafin lokacin da hoton fim ke bi.

Wani abokin aiki ya kawo "kullen lokaci". Na ji dalilinsa, amma ban yarda ba, domin kulle ya riga ya yi mai shi: kwaɗon nan da ke hana a taɓa layi gaba ɗaya. Layin da ke bin agogo kuwa kana iya yanka shi, ka ƙara masa murya, ka rage. Abu ɗaya aka hana shi, ya bi kiɗa ya bar wurinsa. Kamar akuya ce a turke, tana ci, ana tatsarta, garke ya wuce tana nan.

Don haka shawarata: "turkakken layi" ga mai bin agogo, "mabi-taku" ga ɗayan. Abin da ya fi ja na shi ne kalmar tana ba da umarni cikin sauƙi: "Turke maganar jarumai kafin ka sauya taku." Yaron da ya fara koyo jiya ma zai gane.

A kula, murya da aka naɗa ko an mai da ita mabi-taku, mafarinta kawai ke matsawa, tsawonta na nan, sai an kunna Warp a Ableton ko Elastic Audio a Pro Tools. Wannan aikin "miƙa sauti" nake ce masa. Mutanen Damagaram da Maraɗi, da kuka fi jin kalmomin Faransanci a wurin aiki, turke ya zauna a bakinku?