Neman kalma: ciwon da ke hana ido juyawa

Ƴan uwa, ku taya ni neman kalma. Ƙanena ya yi gudawa ta kwana uku, ta wuce, muka manta. Bayan kamar mako biyu ya wayi gari yana ganin buta ɗaya ta zama biyu, tafiyarsa da tangaɗi. In ka kira shi ta gefe sai ya juyo da kai ɗungurungum, ƙwayar idon tana nan inda take. Likita a nan Maradi ya rubuta da Faransanci: oftalmopleji, ciwon Miller Fisher. Inna ta ce, "To da Hausa mi ke nan?" Na rasa ta cewa.

Kowane ido tsoka shida ke juya shi, jijiyoyi uku daga ƙwaƙwalwa ke kai musu umarni. A ciwon nan, wanda likita ɗan Kanada Charles Miller Fisher ya bayyana a 1956, garkuwar jiki ce ta fito yaƙar ƙwayar cuta, sai ta ruɗe ta afka wa jijiyoyin. Idon kansa yana gani, saƙo ne ba ya isa.

Da na fara tambayar sunan ciwon da Hausa, wani ya ce harara-garke. A'a. Mai harara-garke idonsa na yawo, saiti ne ya kauce. Wata ta ce kafewar ido, kuma ta kusa, amma ku faɗa wa tsohuwa idon ɗanta ya kafe ku gani in ba salati za ta fara ba. Mu kafewar ido a bakin mutuwa muka san ta, alhali yawancin masu ciwon nan suna warkewa cikin makonni ko watanni. "Ciwon jijiyar ido" kuwa, jijiya ta yi mana yawa: ta jini jijiya, ta agara jijiya.

Ni na tsaya kan shanyewar motsin ido. Mun saba da shanyewar ɓarin jiki, kowa ya san hannu yana nan, motsi ne babu. Kada a yar da "motsi", don shanyewar ido kaɗai makanta za a ji.

Sanadin kuma wani mai kallon ƙwallo ya raba gardama: garkuwa mai cin gida. Na yi dariya, amma da na kai wa Inna ba ta nemi ƙarin bayani ba. Jiya na ji tana faɗa wa maƙwabciya ta kan katanga, "Garkuwarshi ce ta ci gida, amma idon dama ya fara motsi."