Sabon masai ba ya kora da ƙarfi

Tambaya: Assalamu alaikum. An girka mana sabon masai na zama, amma idan aka danna maɓalli sai ruwan ya zagaya a hankali, bai tafi da komai ba. Daga ina ya kamata in fara dubawa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, ka buɗe tankin tukuna. Ya kamata ruwa ya tsaya kimanin santimita 2 ƙasa da bakin bututun da ke tsakiya. Idan bai kai ba, ka ɗaga ƙwallon da ke yawo a kan ruwan. Yawancin na zamani lita 6 suke saki, saboda haka ko ɗan ragi yana karya ƙarfin korar.

Amsa ta biyu: Ni a ganina, ka fara zuba bokiti guda na ruwa cikin kwanon a lokaci ɗaya. Idan ya wuce da sauri, matsalar tana tanki, wataƙila robar da ke toshe ƙasansa tana rufewa da wuri. Idan kuwa ruwan ya taru yana jinkiri, to akwai ɓaraguzan siminti a bututu ko kuma ba a ba shi gangara sosai ba, kuma wanda ya girka shi ne ya kamata ya dawo ya gyara.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ruwan bokitin ya wuce nan take, don haka zan duba robar.