Ɗalibai bakwai sun ɓace mini a cikin TreeSet, ina neman shawara

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da na fara koyon Java, yaren rubuta manhajar kwamfuta, sai kawuna mai ƙaramar makaranta ya ce tunda kullum ina gaban kwamfuta, in rubuta masa manhajar da za ta jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe kafin ranar ba da sakamako. A gaban mahaifiyata na amsa masa, har ya sallami wanda yake yi masa lissafin da hannu, saboda haka ba ni da bakin cewa na kasa. Na zuba ɗalibai 40 a TreeSet, wato ma'ajiyar Java mai jera abubuwa da kanta kuma ba ta karɓar abu ɗaya sau biyu, amma 33 kaɗai suke fitowa, kuma babu wani saƙon kuskure. Na rubuta equals, umarnin da ke tantance ko ɗalibai biyu mutum ɗaya ne, mai duba lambar rajista, kuma kowa da tasa lambar. Ina bakwai suka shiga?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ba mu labarin kawu, amma ka ɓoye mana compareTo, umarnin da ke faɗin wanda zai zo gaba tsakanin ɗalibai biyu, alhali a nan gizo yake saƙar. TreeSet ba ya kallon equals ko kaɗan. Duk abubuwa biyu da compareTo ya ba da sifili a kansu, a wurinsa abu ɗaya ne, sai ya ƙi karɓar na biyun.

Ɗan Koyo: Ga shi, Malam: return (int)(wani.maki - this.maki); Makin yana da ɗigo, kamar 67.5. Amma na gwada da ɗalibai uku ya yi daidai.

Tsohon Hannu: Ai ka ga ɓarawon. Cire 67.2 daga 67.5, ka samu 0.3, sannan int, wato lamba marar ɗigo, ya yanke abin da ke bayan ɗigo ya bar maka sifili. Ka yi amfani da Double.compare, mai kwatanta lambobi masu ɗigo ba tare da yanke komai ba, idan kuma maki ya zo ɗaya, ka raba gardama da lambar rajista.

Mai Aikin Dare: Irin wannan ragin ne ya hana ni barci mako guda a inda nake aiki da. Wanda na gada ya rubuta shi haka, 67.0 ya zama daidai da 67.6, shi kuma daidai da 68.2, amma na farko da na ƙarshe ba daidai ba. Tun daga Java 7 tsarin jerawa yakan gano irin wannan saɓanin wani lokaci ya tsayar da manhaja, kuma ni aka ɗora wa laifin. Shawarata, ɗan'uwa, ka bar TreeSet gaba ɗaya, ka zuba su a ArrayList, wato jeri mai karɓar duk abin da aka zuba masa, ka jera da Comparator, ƙa'idar kwatantawa da za ka rubuta daban.

Ɗan Koyo: Na gode, amma na zaɓi TreeSet ne don kada a shigar da ɗalibi sau biyu. Da na gwada HashSet, wata ma'ajiyar mai hana maimaici, sai yaro ɗaya ya fito sau biyu, duk da equals ɗina.

Tsohon Hannu: Domin ba ka rubuta hashCode ba, lambar da HashSet ke fara dubawa kafin equals, kuma ina zargin equals ɗinka nau'in Dalibi da ka ƙirƙira yake karɓa maimakon Object, nau'in da equals na asali yake karɓa. Ka sa @Override, alamar cewa kana maye gurbin equals na asali, a samansa, idan haka ne, nan take za a ƙi haɗa manhajar. Batun ArrayList kuwa kauce wa matsala ne, yaron yana bukatar ya fahimci abin da ya karya.

Mai Aikin Dare: Malam, saura kwana nawa a ba da sakamako? Fahimta za ta iya jira.

Ɗan Koyo: Ban taɓa equals ba tukuna, domin ina ganin lafiyarsa ƙalau. Na dai ninka bambancin da 100 kafin in mayar da shi int, yanzu 38 suke fitowa. Sauran biyun fa?