Neman shawara: Iferwan da mota mai ɗaki, ta Timiya ko ta Gugaram?

Baban Ikilima:
Assalamu alaikum ƴan uwa na wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, hankalina ne a rabe, ko barcin kirki ba na samu.

Ina da Peugeot J5 mai ɗaki a baya, irin wadda Turawa ke yawon buɗe ido da ita, da gado, da murhun gas, da tankin ruwa, har da ɗan makewayi. Asalinta ta ƙanen matata ce, wanda ke sayo motoci daga Kwatano tun kafin a rufe iyaka. Wani Alhaji na Zango ne ya sa shi ya kawo ta, da ta iso ya ce shi ba haka ya zata ba. Ta daɗe a ƙofar gida har tayoyinta suka sace, yara suka fasa madubi ɗaya. Ni kuma lokacin an biya ni kuɗin ritaya, ga wani bashi da nake bin sa tun bikin ƙanwarsu, wanda ban taɓa buɗe baki na tambaya ba saboda zumunci. Sai muka zauna gaban yayansu aka yi lissafi, na cika mashi saura na ɗauka. An yi ta magana a unguwa, wai me tsohon malamin lakwal zai yi da gida mai taya. Na canja batir, an wanke tankin gazuwal, na sa kafinta ya gyara ƙofofin kabad, matata ta ɗinka labule. Na je Mirya da ita, na je Matamai da Magarya, ba ta taɓa tsaya mani ba.

Ga abin da ya kawo ni. Ƴata tana aure a Iferwan, mijinta ma'aikacin lafiya ne aka tura shi can, kuma ta haihu, namiji. Mahaifiyata ta ce sai ta ga tattaɓa-kunnenta da idonta. Tsohuwa ce, ga gwiwa ga baya, ba ta iya dogon zama a kujerar mota. A wannan motar kuwa kwanciya za ta yi har mu isa.

Daga Damagaram zuwa Agadas ban damu ba, Tanut da Adarbisanat duk na san su. Daga Agadas ne matsalar. Surukina ya ce hanya biyu ce: ko mu ratsa duwatsu ta Dabaga, Almaki da Timiya, ko mu bi kwaltar Arlit mu karya ta Gugaram. Ni hawa da gangara nake tsoro, ban taɓa tuƙi cikin dutse ba. Amma tsohuwa tana son ganin Timiya, don marigayi mahaifina ya yi fatauci can, kullum yana ba ta labarin lambunan lemo da rumman. Wace hanya ta fi sauƙi ga irin motata?

Ɗan Garin Malam:
Allah ya raya yaro, Malam. Wane wata za ku tashi? Kuma motar kat-kat ce, wato mai ja da taya huɗu? Kai kaɗai za ka tuƙa?

Tsohon Direba:
Malam, ka saurare ni da kyau. Na yi dakon albasar Tabalot, na kuma ja Land Cruiser da Turawa cikin Abzin kafin tawayen 2007 ya kashe sana'ar. Ka cire Timiya daga ranka da wannan mota.

Ba sai an tambaye ka ko kat-kat ce ba, J5 da tayoyin gaba take ja. Ɗakin da aka ɗora mata, da tankin ruwa, da tukunyar gas, duk nauyinsu baya yake. Da ka fuskanci hawa mai tsakuwa, nauyi ya ƙara komawa baya, gaba ya yi sako-sako, taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Kai kuma don tsoro ka danne ambireyaji rabi da rabi, nan take ka ji warin ƙuna. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, gindin motarka ya zarce tayoyin baya da yawa. Hanyar Timiya ƙoramu take bi, ka faɗa wannan ka fita ka faɗa waccan, kuma gaɓar ƙorama a tsaye take. Gaba zai hau, gindi ya zauna a ƙasa, bututun ruwa da salansar hayaƙi su tafi.

Ka duba lissafi ma. Agadas tana wajen mita 500 bisa teku, Timiya ta haura 1,000, Iferwan kuma a kwari take gindin dutsen Tamgak, ƙasa da Timiya sosai. Wato ka wahala ka hau don ka sake gangarowa. Daga Agadas zuwa Timiya kaɗai kilomita 220 ne, kuma kada ka auna su da kilomitar hanyar Mirya.

Bi hanyar Arlit. Kafin ka kai Arlit ka karya dama ta Gugaram, ka zagaye duwatsun ta yamma ka shiga Iferwan ta kwari. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Baban Ikilima:
Na gode ƙwarai, Alhaji. Amma motar tana da ƙarfi fa, injinta gazuwal ne 2.5, kuma tankin ruwa ai ina iya barin shi rabi. Surukina ya ce manyan motoci na zuwa Timiya su yi lodin lemo su fito. In su da lodi suna wucewa, ni da tsohuwa da ɗan kayanmu fa?

Tsohon Direba:
Ka taɓa leƙa ƙarƙashin waɗannan motocin? Yaro zai shiga da rarrafe ya fita bai taɓa ƙarfe ba. Da baya suke ja, suna da yaran mota da shebur da faranti na fidda mota daga rairayi, direban kuma ya san kowane dutse. Ƙarfin inji ba shi ne maganar ba, Malam. Tsayin ciki daga ƙasa shi ne maganar.

Ɗan Abzin:
Da girmamawa Baba Direba, yaushe rabonka da hanyar Arlit? Ni ɗan Agadas ne, aiki ya zaunar da ni Damagaram. Sunan kwalta kawai ya rage a wurare da yawa. Tsakanin Agadas da Arlit kilomita 240 ne, amma sai ka ga direbobi sun bar titin suna bin gefe cikin ƙura, don gefen ya fi shi daɗi. Ramuka masu kaifin baki, ga gargada. Motar Malam katako ne cikinta, kabad da gado duk da kusa aka kama su, wannan girgiza za ta kwance su ɗaya bayan ɗaya. Inna kuma da ke kwance a baya ita za ta fi kowa shan jijjiga, don bayan mota ya fi gaba tsalle. Ni abin ma da ke ci mani rai, an yi shekara da shekaru ana fitar da yuraniyom ta wannan hanya, ayarin manyan motoci dare da rana, a ce mai ciki ko maras lafiya daga Arlit ya kwana a hanya kafin ya ga Agadas. Ƙanwar babata haka ta wahala bara. Ban ce Timiya ta fi sauƙi ba, amma kada a ce wa Malam ɗayar shimfiɗa ce.

Tsohon Direba:
Yaro, rami ana rage gudu a wuce shi. Gangaren dutse in birki ya tafi ba a rage komai. Na ga wanda ya taka birki tun daga sama har ƙasa, ƙarfe ya yi zafi, man birki ya tafasa, ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu komai. A dutse da giya ake sauka, giyar da ka hau da ita da ita za ka sauko, ta ɗaya ko ta biyu, birki kuma ɗan taɓawa a saki. Mutumin da ya ce da bakinsa bai taɓa tuƙi a dutse ba, ba da mahaifiyarsa a baya zai koya ba.

Bakanike na Sabon Gari:
Ni shawarata daban. Malam, ka kai motar Agadas ka ajiye ta gidan wani amintacce, ku ɗauki hayar Land Cruiser da direban da ya san hanya, a shimfiɗa wa Inna katifa a baya. J5 ta ƙarshe da aka ƙera ta haura shekara 30. Robobin ruwa sun bushe, lagireto ya toshe rabi ba ka sani ba, don hanyar Magarya ba ta taɓa matsa mata ba. In ka dage sai da ita, a canja man birki gaba ɗaya, a duba takalman birkin baya, a wanke lagireto, a sa sabon bel, ka riƙe wani a mota. Tayar safaya biyu, ba ɗaya ba. Kuma ka kula inda kake sayen kaya. Watan jiya wani mai shago ya sayar mani da man birki a gwangwani mai kyau, ashe jabu ne, mai mota ya dawo ya zage ni gaban yarana, na biya daga aljihuna, mai shagon kuwa ya rantse ba daga wurinsa ya fito ba. Har yau ba ma gaisawa.

Baban Ikilima:
Haya ba za ta yiwu ba, ƙanena. Kuɗin da zan ba mai Land Cruiser zuwa da dawowa, ga jiran da zai yi mana, ya fi ƙarfina bayan hidimar suna da muka aika. Kuma makewayin da ke cikin motata shi ne babban dalili. Tsohuwa ba za ta iya tsugunno a daji ba, kuma ba za ta yarda ta yi ta tsayar da baƙon direba ba, kunya gare ta. Lagireto kuwa an duba shi da na saye ta.

Hajiya ta Birni:
Malam, ni tambayata ɗaya. Haihuwar fari ce? In ta fari ce, don me ba ta zo gida goyon ciki ba? Da yanzu tana ɗakin uwarta tana wankan jego, Inna na ganin jaririn safe da yamma, babu mai zancen dutse. Yaran yanzu sai miji ya ce aiki, aiki. Nawa surukin haka ya riƙe mani ƴa a Difa har ta yi arba'in, ban ga jikana ba sai a waya, da na yi magana aka ce na cika shiga sha'anin gidan mutane. Ka ce ya kawo ta Agadas bayan arba'in, ku haɗu can. Kusan kilomita 450 daga nan, ai ya isa wahala ga tsohuwa.

Baban Ikilima:
Hajiya, yaron ba shi da laifi, mutumin kirki ne. Cikin ya zo mata da laulayi, aka hana ta doguwar tafiya. Kuma jariri ɗanye a wannan hanya da kuke ta kwatantawa, ai gara mu manya mu sha wahalar.

Mai Shayi Tasha:
Ku dai ku riƙe ruwa da yawa. Motar wani kamfani ta taɓa lalace mana wajen dutsen Tigidit, muka wuni a rana, ba wanda ya zo, kuɗinmu ma ba a maido ba.

Ɗan Garin Malam:
Har yanzu ba a faɗi wata ba. In damina ce, daga Yuli zuwa Satumba, ƙoramun Abzin na kawo ruwa ko ba a yi ruwa inda kake ba, daga kan dutse yake gangarowa. In kuma Disamba ko Janairu ne, sanyin dare can ba irin na Damagaram ba ne, a tanadi barguna saboda Inna.

Ɗan Abzin:
Wani abu kuma da ba a taɓo ba: tsaro. Kowace hanya ka zaɓa, kada ka fita Agadas kai kaɗai. Ka je wurin jandarmomi ka faɗi inda za ka, ka ji abin da za su ce a ranar, don labarin hanya na canjawa. Ka bi bayan motocin da ke zuwa can, kada ka yi tafiyar dare, kada ka bar sawun da motoci ke bi, tun rikicin 2007 zuwa 2009 da aka binne nakiyoyi mutanenmu ke kiyaye wannan. Rezon waya ma yankewa yake da nisa. Motarka fara ce doguwa, daga nesa za a ɗauka Turawa ne ciki. A rairayi kuma ka rage iskar taya.

Tsohon Direba:
Ya rage iska ya hau duwatsun Abzin masu kaifi, gefen taya ya tsage? Kada ka taɓa iskarka, Malam, sai in ka kafe. In ka kafe ka rage, ka fita, ka mayar da famfo nan take. Famfon ƙafa ka saya, ba na batir ba. Maganar fara ce doguwa kuwa gaskiya ne, shi ya sa na ce Gugaram, inda motocin Arlit ke kai da kawowa. Ni na gama magana: Agadas ku kwana, asuba ku bi ayari, Gugaram, Iferwan. Lemon Timiya a sayo wa Inna a kasuwar Agadas.

Bakanike na Sabon Gari:
Alhaji, ko ta Gugaram akwai rairayi da ƙoramu, kuma da gaba take ja ɗin nan dai. Ni ban ga ta isa ba.

Tsohon Direba:
Za ta isa in ya bi abin da na ce.

Baban Ikilima:
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Amma kamar ba ku gane matsayin Timiya wurin tsohuwa ba, ba lemo take so ba, garin take son gani. Ina tunanin mu tafi ta Gugaram kamar yadda Alhaji ya ce, mu dawo ta Timiya, tunda a dawowa gangara ta fi yawa, inji ba zai wahala ba. Ɗan yayana zai raka mu, yana da lasin, ko da yake shi ma cikin gari yake tuƙi. Ranar tashi kuwa sai surukina ya samu hutu, bai faɗa mani ba tukuna.

Tsohon Direba:
Gangarar ce ai na ce ka ji tsoro! Kuma daga Iferwan sai ka hau kafin ka kai Timiya. Ka sake karanta abin da na rubuta.

Baban Ikilima:
Zan sake karantawa, Alhaji. Kafin nan, wa ya san inda zan samu tayoyin J5 masu kauri a Damagaram, sababbi ko na hannu masu kyau? Na zagaya wajen Kasuwar Dole jiya ban samu irin nata ba.

Bakanike na Sabon Gari:
Turo lambar da ke jikin tayar tukuna. Kuma ka kawo motar in ga ƙarƙashinta kafin ka kashe ko dala.